Alkawari Kaya Ne: Yadda Shekara Goman CentOS 8 Ta Koma Biyu

Ranar 30 ga Nuwamba, 2020, wa'adin kula da manhajar CentOS 6 ya cika. Ba a ji ƙorafi ba, domin ranar ta daɗe da sanuwa, an rubuta ta tun shekaru kafin ta zo, kowa kuma ya yi shirinsa a kanta. Masu kula da kwamfutocin jami'o'i da cibiyoyin bincike da kamfanonin da ke riƙe wa jama'a shafukan intanet sun shafe watanni suna kwashe kayansu daga tsohuwar siga zuwa sabuwa. Wasunsu suka tsallake siga ta 7 suka nufi ta 8 kai tsaye, dalilinsu kuwa a fili yake: jadawalin da masu CentOS suka wallafa da hannunsu ya nuna za a ci gaba da kula da siga ta 8 har shekarar 2029. Kwana takwas kacal bayan haka, ranar 8 ga Disamba, aka fito da sanarwa cewa wancan wa'adi ya tashi, kulawa da CentOS 8 za ta ƙare ranar 31 ga Disamba, 2021. Mutum ya ɗaure kaya, ya sha wahalar ƙaura, ya sauke a sabon gida, bai ko gama shimfiɗa tabarma ba aka ce masa baɗi war haka za a rushe ginin.

An yi ta ƙoƙarin mayar da wannan al'amari gardama tsakanin masu son ci gaba da masu tsoron canji. Ba haka ba ne. Magana ce ta ranar da aka rubuta, mutane suka gina aikinsu a kanta, daga baya aka goge.

Ga wanda bai saba da fagen ba, ga yadda abin yake. Linux babbar manhaja ce da ke sarrafa kwamfuta, kuma buɗaɗɗiya ce, wato rubutun tushenta a fili yake, kowa na da ikon karanta shi, ya gyara, ya rarraba. Kamfanin Red Hat na Amurka yana harhaɗa nasa zubin na Linux mai suna Red Hat Enterprise Linux, a taƙaice RHEL, yana sayar wa manyan ma'aikatu da sharaɗin zai kula da kowace babbar siga na tsawon shekara goma. Tun da lasisin manhajar ya wajabta a ba da rubutun tushe, sai wasu 'yan sa-kai suka riƙa ɗaukar wannan rubutu, su cire suna da tambarin kamfanin, su sake gina manhajar su raba ta kyauta. Wannan ita ce CentOS, wadda ta fara fitowa a 2004. Duk gyaran da RHEL ta samu, CentOS na samunsa bayan ɗan lokaci, haka kuma ta gaji dogon wa'adinta. Wannan dogon wa'adi shi ne dukkan darajarta. Ba wanda ya zaɓi CentOS don ƙawa ko sababbin abubuwa. An zaɓe ta ne don ta zauna a yadda aka ajiye ta.

Kulawa kuwa, a bakin masu wannan sana'a, ba kalmar ado ba ce. Manhaja ba ta tsufa irin tsufan tufa, amma kullum ana gano ɓaraka a jikinta, kafar da masu kutse za su bi su saci bayanai ko su ƙwace kwamfutar baki ɗaya. Da an gano, sai masu manhajar su fitar da faci, masu amfani su sauke su liƙa. Ranar da wa'adi ya cika, faci ya tsaya, ɓaraka kuwa ba ta daina bayyana ba. Kwamfutar za ta ci gaba da aiki kamar babu abin da ya faru, wanda shi ne ainihin haɗarin, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagewar kuma ba ta da ƙara. Saboda haka ranar ƙarshen wa'adi ita ce lamba mafi muhimmanci da kowace manhaja ke wallafawa. A kanta ake tsara kasafin kuɗi, a kanta ake ƙulla kwangila, a kanta ake yanke shawarar sayen injuna.

Hujjar farko da masu kare wannan mataki suka kafa ita ce, kyauta ce, wanda aka bai wa kyauta kuwa ba shi da bakin neman ƙari. Lasisin ma ya faɗa ƙarara cewa babu wani lamuni. Ta fuskar shari'a maganar ba ta da makusa, ba kuma wanda ya ce a kai kowa kotu. To amma tun yaushe ne abin da kotu ba za ta hukunta ba ya zama abin da ya dace? Wanda ya ce wa maƙwabcinsa ya zauna a ɗakinsa shekara goma ba haya, maƙwabcin ya sayar da nasa ɗakin ya dawo, sannan bayan shekara guda ya ce masa ya fita, bai ci kuɗin kowa ba, amma ba a unguwar da za a kira shi mutumin kirki. Ba wanda ya tilasta wa masu CentOS rubuta 2029. Da sun rubuta 2021 tun farko, ko sun ce ba su ɗauki alkawarin kowace rana ba, da kowa ya san inda ya dosa. Sun rubuta, magana kuwa zarar bunu ce.

Sannan ita kanta kalmar kyautar tana buƙatar a duba ta da kyau. A watan Janairun 2014 Red Hat ya rungumi CentOS, ya ɗauki wasu jiga-jiganta aiki, sunan da tambarin suka koma mallakarsa. Kamfani ba ya yin haka don neman lada. Shekara da shekaru CentOS ce makarantar da dubban ma'aikata suka koyi sarrafa tsarin Red Hat ba tare da kamfanin ya kashe ko sisi wajen horar da su ba. Su ne kuma, idan suka samu aiki a banki ko ma'aikatar gwamnati, suke ba da shawarar a sayi RHEL domin ita suka sani. Masu rubuta wasu manhajoji suna gwada kayansu a kan CentOS, abin da ya sa kayan ke aiki lafiya a kan RHEL. Masu amfani suna kai rahoton kurakurai. Duk wannan riba ce, ko da ba ta shigo ta hanyar rasiɗi ba. A watan Yulin 2019 kamfanin IBM ya kammala sayen Red Hat a kan dala biliyan 34, kuma wani ɓangare na abin da aka saya da wannan kuɗi shi ne yaɗuwar da tsarin ya yi a duniya, wadda CentOS ke da babban kaso a cikinta. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Hujja ta biyu ita ce ba a kashe komai ba, an dai sauya alƙibla zuwa CentOS Stream. A nan ma gaskiya ce aka yanka biyu aka miƙa rabi. Tsohuwar CentOS tana bayan RHEL ne, tana karɓar abin da aka riga aka gama gwadawa aka sayar. Stream kuwa tana gaba da ita, ita ce inda gyare-gyare ke sauka kafin su shiga sigar RHEL mai zuwa. Wannan tsari yana da amfaninsa, ba a musu: ya buɗe wa mutanen waje ƙofar sa hannu a ginin RHEL, abin da da can bai yiwuwa. Amma wanda ya nemi kwafin abin da aka gama, aka ba shi abin da ake kan yi, ba a biya masa buƙata ba, ko da abin da aka ba shi ya fi kyau a idon mai bayarwa. Wa'adin ma ba ɗaya ba ne. Sigar Stream tana rayuwa kimanin shekara biyar ne. CentOS Stream 8 ta ƙare ranar 31 ga Mayu, 2024. Ke nan har wanda ya yi biyayya ya bi hanyar da aka nuna masa, rabin abin da aka yi masa alkawari ya samu.

A cikin bayanin da kamfanin ya fitar, ya kafa misali da Facebook, cewa miliyoyin kwamfutocinsa suna aiki ne da tsarin da aka samo daga Stream. Da wuya a sami misalin da ya fi wannan tona asirin wanda ake tunani a kansa lokacin da aka yanke hukunci. Facebook yana da rundunar injiniyoyi waɗanda ba su da aiki sai wannan. Wanda sanarwar ta faɗa wa a ka shi ne ma'aikaci guda ɗaya a ƙaramar jami'a ko asibiti, wanda ke riƙe da kwamfutar rajistar ɗalibai da ta albashi da ta wasiƙu, shi ne kuma ake kira idan firinta ta ƙi aiki. A wurinsa ƙaura daga siga zuwa siga ba danna maɓalli ba ce. Sai ya adana kwafin bayanai, ya kafa sabon tsari a gefe, ya gwada kowace manhaja da ke kai, ya gano wadda ta lalace, ya nemi wanda ya rubuta ta, mai yiwuwa ya bar aikin tun tuni, sannan ya roƙi shugabanni daren da za a kashe komai. Idan a ƙasar da intanet ke da tsada wuta kuma ke ɗaukewa yake, to kowane mataki ninki biyu ne. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa irin wannan ma'aikaci ya zaɓi shekara goma tun farko. Kuma duk wannan ya faru ne a tsakiyar annobar korona, lokacin da kusan kowace ma'aikata ta jingina da kwamfutocinta fiye da kowane zamani.

Ba ƙanana kaɗai abin ya shafa ba. Cibiyar binciken kimiyya ta Fermilab a Amurka ta daɗe tana gina nata kwafin na RHEL mai suna Scientific Linux, wanda cibiyoyin bincike da dama suka dogara da shi. A watan Afrilun 2019 ta sanar cewa ba za ta yi siga ta 8 ba, za ta koma CentOS 8, domin babu dalilin a riƙa yin aiki ɗaya sau biyu. Shawara ce ta hankali, an gina ta a kan amana. Wata ashirin bayan haka abin da aka dogara da shi ya zame. Daga bisani, a ƙarshen 2022, Fermilab da cibiyar CERN ta Turai suka ba da shawarar amfani da AlmaLinux. An rufe wani aiki mai zaman kansa saboda an gaskata wata rana, ranar kuma ba ta tsaya ba. Irin wannan asara ba ta fitowa a littafin lissafin kowa.

Kada mai karatu ya ɗauka gajeren wa'adi ne laifin. Fedora, wadda ita ma Red Hat ke ɗaukar nauyinta, tana fitar da sabuwar siga kusan kowane wata shida, kowace siga kuma tana samun kulawa ta kimanin wata goma sha uku. Ba wanda ke zaginta a kan haka, domin ta faɗa tun a bakin ƙofa, mai shiga ya san gidan da ya shiga. Ubuntu tana fitowa a watan Afrilu da Oktoba, har lambar sigar ma kwanan wata ce: 22.04 na nufin Afrilun 2022. Sau ɗaya a shekara biyu tana fitar da siga mai dogon wa'adi da ake kula da ita shekara biyar, na tsakani kuwa wata tara. Da can wata goma sha takwas ne. A 2013 aka rage shi, amma ragin ya fara ne daga sigar 13.04, wadda a lokacin ba ta fito ba tukuna. Wannan shi ne bambancin duka. Mai manhaja yana da cikakken iko a kan alkawarin da zai ɗauka gobe. Na jiya ya riga ya fita daga hannunsa.

Hujja mafi nauyi da za a iya kawowa, wadda ta cancanci a saurare ta da kunne biyu, ita ce ta gajiya. Kula da tsohuwar siga aiki ne mai cin rai. Duk facin da aka rubuta wa sabuwar siga sai an sake sassaƙa shi ya dace da tsohuwa, wadda ginin cikinta ya bambanta, a gwada, a tabbatar bai fasa wani abu ba. Babu suna a cikinsa, babu daɗi, galibi kuma mutane ƙalilan ne ke ɗauke da shi. Masu kula da ƙwayar Linux, wato zuciyar tsarin da ke magana da injin kai tsaye, sun ɗanɗana wannan. A 2017 an tsawaita wa'adin sigarsu mai dogon zango daga shekara biyu zuwa shida, musamman saboda wayoyin Android, waɗanda ke ɗaukar lokaci kafin su iso kasuwa, sannan su yi shekaru a hannun mai su. A watan Satumbar 2023, a wani taro a birnin Bilbao na ƙasar Sifen, Jonathan Corbet ya bayyana cewa za a koma shekara biyu, domin nauyin ya yi wa masu aikin yawa, tsofaffin sigogin kuma ba su samun masu gwada su yadda ya kamata. Ragi ne babba, ya kuma shafi mutane da yawa. Amma sigogin da aka riga aka yanka wa shekara shida an bar su suka ci gaba zuwa ranakunsu. Mutanen da suka fito fili suka ce sun gaji, su ne suka ƙi ajiye kayan da suka riga suka ɗauka.

Masu harshen shirya manhaja na Python sun ma zarce haka. Python 2.7 ta fito a 2010, an tsara daina kula da ita a 2015. Da aka ga jama'a ba su gama ƙaura zuwa Python 3 ba, sai a 2014 Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiri harshen, ya sanar da ƙarin shekara biyar, zuwa 2020. Ana iya cewa wannan sassauci ya sa wasu sun yi ta jan ƙafa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Dogon wa'adi ma yana da nasa illar, yana renon kasala. Sai dai kuskuren da ya karkata wajen ba mutane lokaci da wanda ya karkata wajen ƙwace musu shi ba nauyinsu ɗaya ba.

To ko hujjar gajiya ta hau kan CentOS 8? Ba ta hau ba, nan ne kuma bayanin kamfanin ya fi rauni. Aikin sassaƙa faci ya dace da tsohuwar siga, wato ɓangaren da ya fi wahala, ba a daina yin sa ba ko na rana ɗaya, domin RHEL 8 tana nan da wa'adinta har ƙarshen Mayun 2029 ga masu biya. Abin da CentOS ke yi shi ne sake ginawa da gwaji da rarrabawa. Aiki ne, yana cin injuna da lokacin ma'aikata, amma girmansa ya bayyana nan da nan. Cikin kwanaki da sanarwar, Gregory Kurtzer, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa CentOS, ya ƙaddamar da Rocky Linux, ya raɗa mata sunan abokin aikinsa marigayi Rocky McGaugh. Kamfanin CloudLinux ya assasa AlmaLinux, wadda sigarta ta farko ta fito a ƙarshen Maris 2021. Ta Rocky ta biyo baya a watan Yuni. Cikin wata bakwai, ƙungiyoyi biyu da ba su kai Red Hat ƙarfi ko kusa ba suka ɗauki kayan da aka ce an sauke. Har ila yau, shi kansa kamfanin ya ci gaba da kula da CentOS 7, wadda ta fito tun 2014, har ranar 30 ga Yuni, 2024. Ke nan tsohuwar siga ta rayu shekara biyu da rabi bayan mutuwar ƙanwarta. Wanda ya yi jinkiri ya zauna a kan 7 ya tsira, wanda ya bi shawarar masana ya sabunta da wuri shi ya sha duka. Da wuya a ƙirƙiro darasin da ya fi wannan muni ga jama'ar da kullum ake roƙo su riƙa sabunta manhajojinsu a kan lokaci.

Wasu sun ɗauki fitowar Rocky da Alma a matsayin shaidar cewa babu ɓarnar da aka yi, tun da buɗaɗɗiyar manhaja ta warkar da kanta. Wannan kamar a ce wanda ya janye tsani bai yi laifi ba ne saboda maƙwabta sun kawo wani. Yabon na maƙwabta ne. Shi ma kamfanin ya nuna ya san an yi rauni, domin a farkon 2021 ya faɗaɗa shirinsa na kyauta ya ba ɗaiɗaikun mutane damar amfani da RHEL a kan kwamfuta har goma sha shida. Sassauci ne, amma mai rajista da sabuntawa duk shekara, a ƙarƙashin sharuɗɗan da mai bayarwa ke iya sauyawa; an miƙa shi kuma ga mutanen da makonni kaɗan kafin nan suka ga yadda sauyawar take. A watan Yunin 2023 kamfanin ya daina wallafa rubutun tushen RHEL a rumbun da masu sake gini ke ɗauka, ya ce Stream ce kaɗai za ta zama ta jama'a, abin da ya tilasta wa Rocky da Alma sake lale.

Babu wanda ke da haƙƙin a yi masa aiki kyauta har abada, kuma Red Hat ya zuba wa Linux gudummawar da kamfanoni kaɗan ne suka kai. Idan ya ga CentOS tana rage masa ciniki, yana da damar ya daina. Hanya madaidaiciya a buɗe take, ba ta kuma da wahalar gani: a ce CentOS 8 ce ta ƙarshe, za a raka ta zuwa 2029 kamar yadda aka rubuta, ba za a yi ta 9 ba. Da an yi gunaguni na mako biyu an wuce. Maimakon haka aka zaɓi a ba mutane shekara ɗaya da kwana ashirin da uku, wa'adin da bai ko kai na sigar Fedora guda ba, a kan manhajar da aka karɓa saboda shekara goma.

Ranar 31 ga Janairu, 2022, wata guda bayan cikar sabon wa'adin, aka kwashe kayan CentOS 8 daga rumbunan da kwamfutoci ke zuwa neman faci, aka mayar da su ma'ajiyar tsofaffin sigogi. Daga ranar, duk ma'aikacin da labari bai kai gare shi ba, ko ya kai amma bai sami sukunin ƙaura ba, idan ya ba kwamfutarsa umarnin sabuntawa, abin da ke fitowa a allo shi ne saƙon kuskure cewa ba a sami rumbun ba. A lissafin jadawalin da ya karanta ranar da ya kafa tsarin, saura shekara bakwai da wata huɗu.